Maƙarƙashiyar Albarushi ta 1605: abin da ya tabbata da abin da ake jayayya a kai

A daren 4 ga Nuwamba 1605, wayewar garin 5 ga wata, masu gadi suka kama wani tsohon soja mai suna Guy Fawkes a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawan Ingila a Landan. Tare da shi akwai ganguna 36 na albarushi da aka lulluɓe da itace. Manufar ita ce a tarwatsa ginin a ranar buɗe majalisa, a hallaka Sarki James na Ɗaya da manyan fadawansa gaba ɗaya.

Asalin lamarin ƙuncin da mabiya ɗariƙar Katolika ke ciki ne tun zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, lokacin da ake cin tarar fam 20 a kowane wata ga duk wanda ya ƙi halartar cocin gwamnati. Da James ya hau karaga a 1603, sun sa rai zai sassauta musu, amma hakan bai samu ba. Robert Catesby ne ya jagoranci shirin, ya fara ganawa da abokansa huɗu a watan Mayun 1604, daga baya adadinsu ya kai 13. Sun kuma yi niyyar sace 'yar sarki mai shekara tara su naɗa ta sarauniya.

Asirinsu ya tonu ne ta wata wasiƙa mara sa hannu da ta isa ga wani ɗan majalisa mai sarautar Monteagle a ranar 26 ga Oktoba, tana gargaɗinsa da ya ƙaurace wa zaman. Shi kuwa ya miƙa ta ga Robert Cecil, sakataren sarki. An kashe Catesby a musayar wuta ranar 8 ga Nuwamba, aka kuma zartar da hukuncin kisa kan mutum takwas a ranakun 30 da 31 ga Janairu 1606. A watan Mayu aka kashe Henry Garnet, shugaban limaman Jesuit a Ingila, wanda ya ce ya ji labarin ne ta hanyar furta zunubi, sirrin da addininsa ya hana shi fallasawa.

Tun a wancan zamanin wasu suka yi zargin cewa da hannun Cecil a ciki. A ƙarshen ƙarni na 19, wani limamin Katolika mai suna John Gerard ya wallafa littafi yana ƙarfafa wannan zargi, masanin tarihi Samuel Gardiner ya mayar masa da martani a 1897. Masu shakka suna kafa hujja da cewa ba a tabbatar da marubucin wasiƙar ba har yau. Ba a ga alamar ramin da aka ce maƙarƙasan sun haƙa ba. Francis Tresham, wanda aka fi zargi da rubuta wasiƙar, ya mutu a tsare a Disambar 1605 kafin shari'a. Sannan Fawkes bai ambaci sunayen abokansa ba sai bayan sarki ya ba da izinin azabtar da shi.

Duk da haka, akasarin masana sun tsaya a kan cewa maƙarƙashiyar gaskiya ce, domin waɗanda aka kama ba su musanta niyyarsu ba. Inda ƙofar muhawara ta rage a buɗe shi ne lokacin da gwamnati ta fara sani, da yadda ta ci moriyar lamarin.

Laifin mutum 13 ya shafi al'umma guda. Majalisa ta tsaurara dokoki kan Katolika a 1606, ta kuma wajabta addu'ar godiya a duk ranar 5 ga Nuwamba, dokar da ba a soke ba sai a 1859. Tsoron da ya ginu ya sa a 1678 jama'a suka gaskata Titus Oates da ya ƙirƙiro labarin wata maƙarƙashiyar Katolika ta kashe Sarki Charles na Biyu. An kashe aƙalla mutum 22 kafin kotu ta same shi da laifin rantsuwar ƙarya a 1685. Sai a 1829 aka bai wa Katolika damar zama a majalisar, wadda har yau ake binciken ɗakunan ƙarƙashinta kafin sarki ya buɗe ta.