Auduga, Biro da 'Yar Guduma: Yadda Gwajin Jijiya Ya Iso Ƙasarmu

'Yan'uwa mazauna Kasuwan Garba da Bangi da Mariga da sauran garuruwan ƙasar Kontagora, da masu leƙo wannan shafi daga nesa, yau ina so mu ɗan ajiye zancen farashin masara da halin da hanyoyinmu ke ciki, mu waiwayi tarihin wani abu da da yawanmu muka sha gani a asibiti muna ɗaukarsa wasa. Likita ya ɗauko 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa gwiwar majinyaci, ya ja makulli a tafin ƙafarsa, ya ce ya rufe ido ya faɗi abin da aka sa masa a hannu. Na sha jin mutanenmu sun fito suna cewa, "Ko allura bai yi mini ba, sai wasa da ƙafata." To, wannan wasa yana da tarihin sama da shekara 150, kuma mu da muke zaune nesa da manyan asibitoci mun fi kowa buƙatar saninsa.

Kafin mu yi nisa, bari in warware wata kalma. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da sunan jijiya: wadda jini ke bi, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma fararen zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan ta ukun nake nufi a duk inda na ce jijiya a rubutun nan, sai fa inda na bayyana akasin haka.

Asalin 'yar guduma

A shekarar 1875 wasu likitoci biyu na ƙasar Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, kowa a nasa ɓangaren, suka wallafa bayanin cewa idan aka bugi igiyar tsokar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ƙafa kan yi harbi da kanta, kuma yanayin harbin yana canjawa idan akwai cuta. Daga baya aka fahimci dalili. Bugun yana ɗan jan tsokar cinya, saƙo ya tafi laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, lakar ta maido umarni nan take ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba. Aikin ƙwaƙwalwa a nan shi ne riƙe linzami, kada harbin ya wuce kima. Ke nan idan hanyar da ke tsakanin laka da ƙafa ta lalace, harbin zai yi rauni ko ya ɓace. Idan kuwa ɓarnar a sama take, a ƙwaƙwalwa ko a saman laka, linzami ya tsinke, sai ƙafa ta riƙa zabura fiye da ƙa'ida.

Da farko da yatsa ko gefen hannu ko gudumar ƙwanƙwasa ƙirji ake bugun. A 1888 wani likita a birnin Filadelfiya na Amurka, John Madison Taylor, ya ƙera 'yar guduma mai kan roba mai kusurwa uku, irin wadda har yau ake gani a aljihun ɗaliban likitanci. Sai a 1896 Joseph Babinski a birnin Faris na Faransa ya ƙara wani gwajin: a ja wani abu mai ɗan tsini a gefen tafin ƙafa daga diddige zuwa yatsu. Baligi lafiyayye yatsunsa kan lanƙwashe ƙasa. Idan babban yatsa ya ɗaga sama, alama ce hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta sami matsala. Jariri shi kam yatsansa kan ɗaga sama ba tare da wata cuta ba, don hanyar ba ta gama ƙosawa ba.

Abin da hannu ya ji, ƙwaƙwalwa ke fassarawa

Sashe na biyu na gwajin ya girmi na guduma. A 1834 Ernst Weber, malami a jami'ar Laifzig ta Jamus, ya nuna cewa idan aka taɓa fata da tsini biyu a lokaci guda, kan yatsa yana rarrabe su ko da tazararsu milimita 2 ko 3 ce, amma a gadon baya sai sun yi nisan santimita 4 ko fiye, in ba haka ba mutum zai ce tsini ɗaya ya ji.

Daga nan likitoci suka gane cewa ji hawa biyu ne. Hawa na farko fata ta ji an taɓa ta, jijiya ta kai saƙo. Hawa na biyu ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar da ta lulluɓe ta ta sama, ya fassara saƙon ya ce wannan makulli ne, wancan goro ne. Shi ya sa likita ke cewa ka rufe ido, ya sa maka sulalla a hannu ka faɗi sunansa, ko ya rubuta lamba 3 ko 8 a tafin hannunka da bayan biro, ko ya taɓa hannuwanka biyu a tare ya tambaye ka ina da ina ka ji. Akwai wanda zai ji an sa masa abu a hannu sarai, ya jujjuya shi, amma ya kasa sanin ko mene ne sai ya buɗe ido. Wannan fatarsa lafiya lau, jijiyar hannunsa lafiya lau. Ɓarnar tana ɓawon ƙwaƙwalwa, a ɓarin da ke kishiyar hannun, domin ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da hagun jiki.

Ta ƙofar kuturta ya shigo

Mai karatu zai ce duk wannan labarin Turai ne. Haka ne, amma a ganina ƙofar da gwajin ji ya bi ya shiga ƙauyukan Arewa ita ce kuturta, cutar da kakanninmu suka sani ƙwarai har garuruwa suka naɗa Sarkin Kutare. Tun 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayar cutar a birnin Bagen na ƙasar Norwe, sai dai magani ya daɗe bai samu ba. A 1937 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka karɓi ragamar zangunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato bisa yarjejeniya da En'e. Sunayen wuraren ba baƙi ba ne ga duk wanda asalinsa can ne: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mu da iyayenmu suka taso daga waɗannan ƙasashe suka zauna cikin Kamuku da Kambari, da wuya a rasa dattijon da bai san wani da ya yi jinya a ɗaya daga cikinsu ba. A wancan lokaci allurar wani man itace daga Indiya ake yi, mai zafi, mai ƙarancin amfani.

A ƙarshen shekarun 1940 Dakta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, can gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dafson mai arha ana iya haɗiyarta ta yi maganin cutar. A shekarun 1950, ƙarƙashin jagorancin Dakta Ross, Jihar Arewa ta buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka, majinyaci ya zo ya haɗiyi ƙwaya ya koma gonarsa. To, a nan wata tambaya ta taso. Malamin asibitin da ba shi da madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta yaya zai rarrabe tabon kuturta da ƙyasbi ko makero? Amsar ita ce auduga. Ya murza ta ta yi tsini, ya nuna wa mutum yadda za a yi, ya ce ya rufe ido ya riƙa nuna inda aka taɓa. Ƙyasbi yana jin auduga, tabon kuturta ba ya ji. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa tabo mai haske da ba ya jin taɓi cikin manyan alamu uku na cutar, tare da kaurin jijiya da ganin ƙwayar a gwajin fata.

A daidai wannan zamani wani likitan fiɗa, Paul Brand, da ke aiki a Belor ta ƙasar Indiya tun 1946, ya tabbatar da cewa kuturta ba cinye yatsu take yi kai tsaye ba. Jijiya take kashewa. Hannun da ba ya jin zafi zai sauke tukunya daga murhu ya ƙone, ƙafar da ba ta ji za ta taka ƙaya ta yini a gona, gyambo ya shiga, ƙashi ya rube, yatsa ya gajarce. Daga nan gwada tafin hannu da tafin ƙafa da kan biro ya zama aikin yau da kullum na ma'aikatan kuturta, domin jijiyar da ta fara mutuwa cikin watanni 6 da suka wuce sau da yawa ana iya ceto ta da magani.

Wani abin sha'awa shi ne yadda hawa biyun nan na ji suka haɗu a kayan aiki guda. A 1960 Josephine Semmes da Sidney Weinstein suka wallafa bincikensu kan tsofaffin sojojin Amurka da suka sami raunin ƙwaƙwalwa a fagen yaƙi, inda suka auna jin hannuwansu da siraran zaruruwan nailan. Ma'aikatan kuturta suka ari zaren, daga baya masu kula da ciwon sukari suka ara daga gare su. Zaren da ke lanƙwashewa a nauyin giram 10, wanda ake dannawa a ƙafar mai ciwon sukari, jikan wancan bincike ne.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga baya jinya ta koma wata 6 ko 12 maimakon shekaru, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Nijeriya ta cika mizanin ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 a 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu cutar sama da 1,000 a kowace shekara. A jiharmu asibitin Chanchaga da ke Minna shi ne aka sani da wannan aiki, horar da ma'aikata kuma ana yinsa a cibiyar Saye da ke Zariya.

Cuta uku, amsa uku

Amfanin wannan tarihi yana fitowa fili idan muka jera cututtuka uku da mutanenmu kan haɗa su a kwando ɗaya su ce iska ce ko sammu.

Shan inna yana kashe ƙwayoyin laka masu motsa tsoka. Ƙafar yaro ta saki, guduma ta buga ba harbi, amma yana jin taɓi da tsini daidai. An ga na ƙarshe mai nau'in daji na cutar a Nijeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a 2020, sai dai rigakafi bai ƙare ba, kuma duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki farat ɗaya dole a kai rahotonsa.

Kuturta tana cin jijiyoyin da ke kusa da fata. Auduga da biro su ke tona ta, harbin gwiwa kuwa galibi yana nan yadda yake.

Shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, daga ƙwaƙwalwa take. Bayan 'yan kwanaki gwiwar ɓarin da ya shanye takan zabura fiye da ɗayar, babban yatsa ya ɗaga sama, wani ma ya kasa gane makulli a hannunsa. Gwajin yana nuna inda ɓarnar take. Sanin ko jini ne ya fashe ko hanya ce ta toshe sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, don haka wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki ba a jira da shi gari ya waye.

Kammalawa

'Yan'uwa, ƙwararrun likitocin jijiya suna manyan birane, hanya kuma kun san yadda take. Amma auduga da biro da makulli ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba, kuma minti 10 sun isa. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa ko jikin yaronsa wanda ba ya ƙaiƙayi, ya nemi a gwada shi da auduga kafin ya sayi man shafawa a kasuwa. Mai ciwon sukari ya cire takalmi a gaban ma'aikacin lafiya ko ba a ce ya cire ba, aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya raka dattijo asibiti ya yi masa bayanin cewa rufe ido ba raini ba ne, kuma kada ya yi cinta don ya faranta wa likita, abin da ya ji kawai zai faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jijiya ma tun tana da sauran rai ake ceto ta.

Duk wanda ke da labarin Babbar Ruga ko Amanawa ko Yadakunya daga bakin iyayensa, ya aiko mini, ina tattara su. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.