Sarautar wasa, rikicin gaske: yadda wata ƙungiyar raya tarihi ta koyi sasanta ƴaƴanta

Ranar 1 ga watan Mayu na shekara ta 1966, a garin Berkeley na jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, wasu ɗalibai da masu sha'awar ƙagaggun labarai suka taru a bayan gidan wata ɗaliba mai suna Diana Paxson. Suka sa tufafi irin na Turawan da, suka yi gasar takobi da makaman itace. Da suka nemi izinin yin taro na gaba a wani lambun gwamnati, sai aka tambaye su sunan ƙungiyarsu. Marubuciya Marion Zimmer Bradley ta ƙirƙiro musu suna nan take: Society for Creative Anachronism, wato ƙungiyar masu ɗauko abin wani zamani su raya shi a wani zamanin daban. A taƙaice ana ce mata SCA.

Abin da aka soma da raha ya zama babban al'amari. A 1968 aka yi wa ƙungiyar rajista bisa dokar Kaliforniya. A shekarar ne aka kafa Masarautar Gabas, bayan ta Yamma wadda ita ce uwa, sannan Masarautar Tsakiya a 1969. A 2015 adadin masarautun ya kai 20, har da ɗaya a Turai da ɗaya a Ostareliya da Niyuzilan, kuma a waɗannan shekaru masu biyan kuɗin mamba sun haura 30,000. Aikinsu shi ne raya rayuwar da aka yi kafin shekara ta 1600: sulke da kwalkwali, saƙa da ƙira, girki, kiɗa, rubutun hannu, da tsarin fada.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Sarautar da ke cikin wannan ƙungiya ta wasa ce, amma haushin wanda aka hana muƙami na gaske ne, kuɗin asusu ma na gaske ne. Tarihin SCA ya nuna cewa abin da ya riƙe ta fiye da rabin ƙarni shi ne ta koyi bambance ƙorafe-ƙorafe, ta san wanda za a kashe a fili, da wanda za a bi da takarda, da wanda ya fi ƙarfinta. Wannan ilimi kuwa da wahala ta same shi.

Kambi da hatimi

Kafin a fahimci yadda ake sasantawa, sai an san cewa iko a ƙungiyar kashi biyu ne. Na farko shi ne na kambi. Kowace masarauta tana shirya gasa, wanda ya kayar da kowa ya zama sarki, wadda ya yi faɗan domin girmama ta kuma ta zama sarauniya. A mafi yawan masarautun wata shida ne wa'adin mulki. Sarki yana zaman fada, yana ba da lambobin yabo, yana naɗa barade.

Na biyu shi ne na hatimi. Kowane reshe yana da jami'in da ake kira seneshal, sunan wani muƙami na fadar sarakunan Faransa na da. Shi ne ke sa hannu a takardun hayar fili, shi ne ke amsa tambayar hukuma. A sama da kowa akwai kwamitin gudanarwa mai mutum bakwai, wanda dokar ƙasa ta sani a matsayin mai ɗaukar alhakin ƙungiyar. Sarki yana zuwa ya wuce cikin ƴan watanni, masu hatimi kuwa suna daɗewa. An yi hakan ne domin kada ƙarfin dantse ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan dukiya da haƙƙin mutane, tunda gwanintar takobi ba ta tabbatar da hankali ko adalci.

Ƙorafin fili

Mafi daɗewar rigima a ƙungiyar ita ce ta filin faɗa. Makamansu na wata sanda ce mai tauri, irin wadda ake saƙa kujeru da ita, mayaƙan kuma suna sanye da sulke na ƙarfe ko na fata. Abin mamaki shi ne babu alƙalin da ke ƙidaya sara. Wanda aka sara shi ne ke faɗin ko saran ya kama. In ya kama hannu, ya daina amfani da hannun. In ƙafa ce, ya durƙusa ya ci gaba da faɗa a guiwa. In kai ne ko ƙirji, ya faɗi, an ci shi. Akwai masu tsaron fili, amma babban aikinsu shi ne duba sulke da tsayar da faɗa in an ga haɗari.

Tsari irin wannan ya dogara ne kacokan ga mutuncin ɗan wasa, kuma a nan ne ɓaraka take. Tunda kambi ake nema, ba a rasa wanda za a sara ya yi kamar bai ji ba. Ƴan ƙungiyar sun laƙaba wa irin wannan mutum suna, suna ce masa mai fatar karkanda. Maganin farko shi ne kunya. Abokin karawa ya same shi bayan wasa ya tambaye shi yadda ya ji saran, ko wani barde da ake jin nauyinsa ya ja shi gefe. In abin ya ci tura, masu tsaron fili suna da ikon janye masa izinin shiga faɗa, shi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga na gaba da su. Hukunci mafi zafi dai shi ne wanda ba a rubuta ba: mutum ya ci gasa, ya hau karaga, amma jama'a su riƙa tuna yadda ya ci.

Wata hikimar kuma ita ce mai da gaba ta koma wasa. Tun 1972 Masarautar Gabas da ta Tsakiya suke haɗuwa a yaƙin shekara-shekara da ake kira Pennsic, a jihar Pensilbaniya, taron da ya sha tara mutum fiye da 10,000. Ana ba da labari a ƙungiyar cewa David Friedman, ɗan masanin tattalin arzikin nan Milton Friedman, shi ne ya aika wa Gabas takardar yaƙi lokacin da yake sarkin Tsakiya. Daga baya ya ƙaura, ya ci sarautar Gabas, ya tarar da takardarsa, ya amsa ta, kuma aka ci shi da yaƙi. Labarin yana koya wa sabon shiga cewa a nan ana yin hamayya ne domin a yi dariya tare da yamma.

Matakan kai kuka

Ba kowace rigima ce ake kashewa da dariya ba. Akwai ta muƙami, da ta lambar yabo da aka ba wani aka tsallake wani, da ta maganar da aka yaɓa wa mutum a bainar jama'a. Domin irin waɗannan, kundin dokokin ƙungiyar, wanda ake kira Corpora, ya daɗe yana ɗauke da matakan da mai ƙorafi zai bi.

Matakin farko shi ne ya sami wanda ya ɓata masa su yi magana ido da ido. In bai gamsu ba, ya rubuta masa wasiƙa shi kaɗai, ba tare da aika wa kowa kwafi ba. In hakan bai yi ba, ya sake rubutawa, wannan karo ya aika kwafi ga jami'in da abin ya shafa a reshensu. Bayan nan ne zai nemi jami'in ya shiga tsakani, sannan a hau zuwa masarauta, kwamitin gudanarwa kuwa shi ne ƙarshe. Wanda ya tsallake mataki, sau da yawa akan mai da shi baya.

Dalilin wannan jeri a bayyane yake. Muddin magana tana tsakanin mutum biyu, kowannensu yana iya janyewa ba tare da ya ji kunya ba. Da zarar ta shiga kunnen mutum goma, kowa ya sami magoya baya, kuma neman gafara ya zama faɗuwa. Rubutu kuma yana tilasta wa mai fushi ya faɗi abin da aka yi masa, da ranar da aka yi, da abin da yake so a gyara. Ƙorafi da yawa a nan suke mutuwa, domin in an zo rubuta su sai a ga ba su kai yadda zuciya ta ɗauke su ba.

An kuma yi wa sarki iyaka. Yana iya korar mutum daga gabansa, ko ya hana shi shiga harkokin masarauta, amma irin wannan kora ba ta wuce ƙarshen mulkinsa. Fitar da mutum daga ƙungiya ɗungum, ko ƙwace masa babbar lambar girma, kwamitin gudanarwa ne kaɗai ke da ikon tabbatar da shi. Ta haka ne fushin sarkin wata shida ba ya zama hukuncin har abada.

Shekarar 1994

Wannan tsari yana da gurbi guda. Dukan matakai suna ƙarewa ne a gaban kwamitin gudanarwa, kuma mambobi ba su ne ke zaɓen ƴan kwamitin ba, kwamitin ne ke zaɓar magadansa daga cikin sunayen da aka gabatar. To, in da kwamitin ne ake rigima, wa za a kai wa kuka?

Tambayar ta taso a farkon 1994. Kwamitin, yana kukan ƙarancin kuɗi, ya sanar da cewa ba wanda zai ƙara shiga harkokin ƙungiyar sai mai katin mamba. Mutanen da suka shekara suna ɗinka tufafinsu, suna dafa abincin taro, suna kafa tantuna ba tare da an biya su ko sisi ba, suka ga an yanke hukunci a kansu ba a tambaye su ba. Suka nemi a nuna musu littattafan asusu, aka ƙi. Sai wasu mambobi suka kai ƙara kotun Kaliforniya, kotu kuma ta ba su gaskiya. A ƙarshe aka janye dokar tilasta katin, aka kafa wata majalisar ba da shawara domin duba tsarin ƙungiyar. Daga baya aka koma ga hanya mai sauƙi, wato ƙarin ƴan kuɗin shiga taro ga wanda ba mamba ba.

Abin lura a nan shi ne ba sarki ko barde ne ya warware rikicin ba. Alƙalin ƙasa ne, da dokar da ta ba mamba haƙƙin ganin asusun ƙungiyarsa. Kuɗin katin ma ba shi ne ya fi ɓata wa mutane rai ba. Rufe musu littafi ne ya mai da saɓani ya zama shari'a.

Abin da ya fi ƙarfin fada

Darasi mafi ɗaci ya zo ne daga Pensilbaniya. A farkon shekarun 2000 aka kama wani shugaban reshe mai koyar da yara wasan takobi da laifin lalata da ƙananan yara, kotu ta ɗaure shi. Waɗanda aka cuta suka kai ƙungiyar ƙara, cewa ba ta tsare su ba. A 2012 ta amince ta biya diyyar dalar Amurka miliyan 1 da dubu 300, har sai da aka nemi rassa su ba da kashi 18 cikin 100 na kuɗin da ke asusunsu. Ƙungiyar ta tsaurara ƙa'idojinta: binciken tarihin duk wanda zai kula da yara, da wajabta kasancewar manya biyu a wurin kowane aikin yara. Ta kuma ƙarfafa ƙa'idar cewa laifin da dokar ƙasa ta hana, hukuma ake kai wa. Matakan wasiƙa an yi su ne domin saɓani tsakanin tsara, ba su da amfani ga yaron da babba ya zalunta.

A watan Janairu na 2018 wata rigimar ta taso a masarautar Caid, a kudancin Kaliforniya. Sabon sarki da sarauniya suka hau karaga da tufafi masu adon saƙa, wanda a cikinsa akwai alamar gicciye mai lanƙwasassun hannuwa, irin wadda ƴan Nazi na Hitila suka yi tuta da ita. Masu kare su suka ce kwaikwayon wata tsohuwar saƙa ce ta arewacin Turai, wadda ta girmi Hitila da ƙarnuka. Wasu suka amsa cewa masu kallon tufafin mutanen yau ne, kuma a cikinsu akwai jikokin waɗanda aka hallaka a ƙarƙashin wannan alama. Sarkin da sarauniyar suka nemi gafara, sannan suka yi murabus cikin watan. Hujjar cewa haka aka yi a tarihi ta kasa ɗauke wa mai wasa alhakin abin da ya nuna wa jama'a.

Ƙasar Hausa ta san sarautar wasa tun da daɗewa. A wasan kara na Damagaram talaka yakan ɗauki kamannin shugaba, a kalankuwa samari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Ƙungiyoyin al'adu da na wasan kwaikwayo, a makarantu da unguwanni, su ma suna fama da rigimar wa zai fito a sarki, wa ya riƙe kuɗin da aka samu, wa ya ɓata tarihin kakannin wani. Zumunci da ganin girman manya suna kashe da yawa daga cikinsu. Abin da tarihin SCA ya ƙara a kai abu uku ne: a rubuta matakan kai kuka tun ana zaman lafiya, littafin asusu ya kasance a buɗe ga kowane mamba, kuma duk abin da ya taɓa lafiyar yaro ko dokar ƙasa a fitar da shi daga hannun ƙungiya a miƙa wa hukuma.