Zaizayewar faifan washi

Zaizayewar faifan washi ita ce cinyewar da faifan injin washi yake yi a hankali yayin aiki. An fi damuwa da ita wajen sarrafa abubuwa masu tauri da gautsi, irin su gilashi, silikon da tangaram na masana'antu, waɗanda ba sa lanƙwasawa sai dai su tsage. Saboda taurinsu, akasari da faifai mai ƙwayoyin daimon ake goge su.

Yadda faifan yake cinyewa

Faifan washi tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu kaifi da aka kafe cikin ƙarfe, roba mai tauri ko gilashi, kuma kowace ƙwaya tamkar ƙaramar wuƙa ce. Wata ƙwayar bakinta yakan dakushe ya baje. Wata takan fashe, abin da ba kullum yake zama illa ba, domin fashewar tana fito da sabon kaifi. Wata kuma takan ciro gaba ɗaya daga mazauninta, idan ta shiga tsakanin faifai da kayan aiki sai ta karce shi.

Tasiri a kan kayan aiki

Dakushewa ta fi sauran yaudara. Ƙwayar da ta dakushe ba ta yanka sosai, sai gurza da dannawa, don haka ƙarfin da ake buƙata da zafin da ke tashi duk suna ƙaruwa. A farkon wannan mataki fuskar kayan tana iya ƙara santsi, har na'urar auna kaushi ta nuna kamar aiki ya yi kyau, alhali ƙananan tsage-tsage suna kutsawa ƙarƙashinta inda ido ba ya gani. Su ne suke rage ƙarfin kayan. Fallen silikon da aka sirantar domin haɗa kayan lantarki yana iya karyewa daga baya ta sanadinsu, gilashin kyamara kuwa sai an daɗe ana goge shi kafin a kai ƙarshen ɓarnar.

A 1991, Thomas Bifano da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan zurfin yankan kowace ƙwaya bai wuce wata iyaka ba, galibi ƙasa da maikromita 1, abu mai gautsi yakan feru kamar ƙarfe ba tare da tsagewa ba. Faifan da ya cinye ba daidai ba yana da wuya ya tsaya cikin wannan iyaka, domin ƙwayoyin da suka fi tsayi su ke ɗaukar nauyin sauran.

Gyaran faifai

Akan daidaita da'irar faifan, sannan a kankare abin da ya riƙe ƙwayoyin don sababbi su fito. Dabarar ta yi kama da koɗa dutsen niƙa idan ya yi santsi. A Japan, Hitoshi Ohmori da Takeo Nakagawa sun ɓullo da hanyar ELID wajen 1990, inda wutar lantarki take cinye ƙarfen da ke riƙe da ƙwayoyin sannu a hankali, faifan yana kan aiki.