Sha-kauci: Yadda ake ɗaukar hotonsa da walƙiyar kyamara a dausayin Nguru da Gashuwa

Tsuntsun da Turawa ke kira hummingbird, wanda ke tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan zaƙin fure, babu shi sai a nahiyar Amurka. Makwafinsa a arewacin Jihar Yobe shi ne sha-kauci, ɗan ƙaramin tsuntsu mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda gashin namijinsa ke sheƙi kamar ƙarfe. Ana ganinsa a itatuwan da ke bakin tafkin Nguru, wurin da ya fara shiga jerin Ramsar daga Najeriya a shekarar 2000, da kuma kewayen Dagona kusa da Gashuwa, cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi.

Dabarar ɗaukar irin waɗannan tsuntsaye da walƙiya ta faro ne a shekarun 1930, lokacin da Harold Edgerton na jami'ar MIT ya kama fukafukan hummingbird a hoto, fukafukan da kan kaɗa sau 50 ko fiye a daƙiƙa guda. Sirrin yana ga gajartar hasken. Idan aka rage ƙarfin fitilar kyamara, walƙiyarta kan gajarce har zuwa kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa, sai motsin ya daskare.

Sai dai sha-kauci ya fi son ya sauka a reshe ya sha, shawaginsa a gaban fure ba ya daɗewa. Saboda haka babbar matsalar mai ɗaukar hotonsa ita ce launi. Sheƙin gashin nan ya dogara ne da kusurwar da haske ya bugo shi. A ƙarƙashin ranar tsaka ta Yobe, koren wuyan kan fito baƙi ƙirin. Walƙiya mai rauni, wadda aka ɗan karkatar gefe kuma aka tausasa ta da farin ƙyalle, ita ke dawo da koren. Mai ƙarfi kuwa, in aka dalle shi da ita gaba da gaba, takan wanke launin ta bar bayan hoton duhu kamar dare.

Sunan tsuntsun ma ya faɗi inda za a jira shi. Kauci, wanda ke tsirowa a jikin wasu itatuwa, furensa kan zauna a rufe har sai bakin tsuntsun ya taɓa shi, sannan ya fashe ya watsa masa garin fure a ka. Mai ɗaukar hoto kan kafa kyamara da sassafe, ya saita ta a kan tarin furanni guda, ya koma nesa ya zauna, domin tsuntsun yakan dawo wurin da ya saba.

Ba a haska tsuntsu a sheƙarsa, don uwar na iya ƙaurace wa ƙwai ko 'ya'yanta. Shiga Dagona da kayan ɗaukar hoto kuma sai da izinin jami'an gandun.