Sirrin Giwan Ruwan Matan Fada

Mu da muka tashi a yankin Maiyama, kifin da muka saba gani shi ne na kasuwar Jega: tarwaɗa da karfasa, waɗanda ba su wuce a ɗauka da hannu ɗaya ba. Shi ya sa duk yaron da aka ba labarin kifin Argungu mai nauyin mutum, sai ya ɗauka tatsuniya ce. To, ba tatsuniya ba ce. A bikin 2020, giwan ruwan da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Ta yaya kogin da mutum ke shiga da homa da gora ke raya kifi irin wannan?

Kabawa mutanen ruwa ne tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a Surame. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka koma Argungu, aka kuma shafe shekaru ana gwabzawa da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin da muka sani ya samo asali.

Sai dai al'adar ta girmi 1934. Tun da can, ruwa yana da masu shi. Sarkin Ruwa ke kula da kogin, kuma ba a taɓa kifin Matan Fada sai an yi fashin ruwa, wato an buɗe shi a hukumance. Ranar bikin ma, awa ɗaya ce ko makamancin haka, da kayan su na gargajiya.

Nan ne kimiyya ta shigo. Da damina kogi yakan cika ya malala cikin fadama, kifaye su bi ruwan su zuba ƙwai, ƙanana su samu abinci da maɓoya a cikin ciyawa. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sai su taru a gurabe masu zurfi. A lokacin ne kwashe su ya fi sauƙi, a lokacin ne kuma dokar ta kare su. Giwan ruwa kifi yake ci, kuma sai ya shekara da shekaru kafin ya yi wannan girma. Kun ga ke nan abin da masana ke kira killace ruwa don hayayyafa, Kabawa sun daɗe suna yin sa.

Amma doka ba ta kawo ruwa. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun sauya yadda ambaliya ke isowa fadamar. Bayan bikin 2009, sai da aka yi shekara goma ba a sake yi ba, saboda matsalar tsaro da ƙarancin ruwa. Ana cikin wannan hutun ne ma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Baƙo yakan zo don kallon dubban masunta suna rugawa cikin kogi, ya leƙa gidan tarihi na Kanta, ya kashe kuɗinsa a gari. Duk wannan ya rataya ne a kan ambaliyar damina da kuma haƙurin da masunta suka yi na shekara guda. Ranar da ɗaya ya kau, za a buga ganga, a shiga ruwa, a fito da homa wayam.