BABI NA UKU: SABON GININ CIBIYAR AHMAD BABA DA MAKOMAR DANDALIN SANKORE A TIMBUKTU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda aka tsara sake gina wani ɓangare na harabar Sankore, wato tsohuwar cibiyar ilmin nan ta birnin Timbuktu a ƙasar Mali, wadda masana tarihi da dama suke kira Jami'ar Sankore. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa saɓanin da ya taso tsakanin gwamnatin Mali da hukumar UNESCO a kan wannan aiki ya samo asali ne daga tambaya guda: shin mene ne ainihin harabar wannan jami'a, masallacin ne kaɗai, ko kuwa har da filin da yake gabansa da gidajen da suke kewaye da shi?

3.1 Yadda Sankore take tun asali

Kafin a shiga batun sabon gini, ya kamata a fahimci cewa Sankore ba jami'a ba ce irin ta zamani mai katanga da ƙofa da ofishin shugaba. Masallaci ne na laka a arewacin birnin, wanda aka fara ginawa a zamanin daular Mali, malamai kuma suka yi ta taruwa a unguwarsa har ta shahara a ƙarni na 15 da na 16. Akasarin karatun a gidajen malamai ake yin sa, wani a harabar masallacin, wani kuma a fili bisa rairayi. Ɗalibi shi yake zaɓen malaminsa, ya sauke littafi a gabansa, ya karɓi ijaza, sannan ya wuce wurin wani. Littattafan ma ba a ɗaki ɗaya aka tara su ba, kowane gidan malamai da nasa, ana gadon su kamar yadda ake gadon gona. Duk wanda ya san makarantun zaure na Kano ko Katsina ba zai ji wannan tsari baƙo ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin akwai tsohuwar alaƙa. Kakan Ahmad Baba, wato Ahmad bn Umar bn Muhammad Aƙit, ya zauna a Kano ya karantar a ƙarshen ƙarni na 15.

Haka kuma, taɓa ginin Sankore ba yau aka fara ba. Tsakanin 1578 da 1582 Alƙali Al-Aƙib bn Mahmud ya rushe wani sashe na masallacin ya sake gina shi, aka ce ya daidaita awon harabar da awon Ka'aba. Sai dai da ƙasar garin da maginan garin aka yi wannan aiki, su ne kuma zuriyarsu take jagorantar yaɓen da jama'a suke taruwa su yi wa masallacin kafin damina.

Shi kuwa Ahmad Baba, wanda aka sanya wa cibiyar sunansa, an haife shi a 1556, ya rasu a 1627. Bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai a 1591, an kama shi tare da wasu malamai aka kai su Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa, bai dawo gida ba sai a 1608.

3.2 Dalilin gina sabuwar cibiya

An buɗe cibiyar Ahmad Baba a 1973 domin tattara littattafan da aka rubuta da hannu, waɗanda gara da ƙura da zafi suke cinyewa a gidajen mutane. A hankali abin da ta tara ya kai kimanin 30,000, har tsohon gininta ya yi mata kaɗan. A 2001 shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya ziyarci Timbuktu, ya ga halin da littattafan suke ciki, ya ɗauki alkawarin taimakawa. Daga nan aka ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, aka horar da ma'aikatan Mali sana'ar gyaran tsofaffin takardu, aka kuma ba masu zanen gini daga Afirka ta Kudu aikin tsara sabon mazauni. Wurin da aka zaɓa shi ne filin da yake fuskantar masallacin Sankore.

A nan dole a yi wa masu wannan shawara adalci. Hujjarsu mai ƙarfi ce: littattafan a wannan unguwa aka rubuta da yawansu, saboda haka mayar da su can tamkar mayar da ɗa gidan ubansa ne. Masu zanen ma sun yi ƙoƙari, sun haɗa tubalin laka da kankare, sun yi lunguna a cikin ginin masu kama da na tsohon gari, sun sa ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa saboda sanyi. Ginin ya ƙunshi ɗakin karatu da zauren taro da masaukin baƙi da dandalin zama mai matakala a waje, faɗinsa kuma ya kai kimanin murabba'in mita 4,600.

3.3 Saɓani da UNESCO

Tun 1988 aka sanya masallatan Jingarebar da Sankore da Sidi Yahya, tare da kaburburan waliyyai 16, cikin jerin kayan tarihi na duniya. Ƙa'idar wannan jeri ita ce, duk ƙasar da za ta yi babban gini kusa da irin wannan wuri sai ta sanar da kwamitin da yake kula da shi tun kafin a yanke shawarar da ba za a iya warwarewa ba. A tarurrukansa na 2006 da 2007 kwamitin ya nemi Mali ta kawo zanen ginin a duba, amma aiki bai tsaya ba. Da aka zo taron 2008 a ƙasar Kanada, gini ya riga ya yi nisa. Kwamitin ya nuna takaicinsa, ya sanya Timbuktu ƙarƙashin sa ido na musamman, ya kuma nemi a ɗauke dandalin mai matakala da wasu ƙananan gine-gine zuwa wani wuri domin filin Sankore ya sami sarari. Har ila yau ya nemi a yi wa tsohon birnin cikakken tsari da dokokin gini, a kuma riƙa shigar da mutanen gari cikin shawara.

A ra'ayin mai wannan bincike, buƙatar ƙarshen nan ita ce ta fi nauyi, ko da yake ita aka fi saurin wucewa a kanta. Masallacin Sankore gajere ne, rairayin da ya yi ta taruwa a gefensa ya ƙara dusashe tsayinsa, don haka kwarjininsa ya dogara ne ga sararin da yake gabansa. Idan aka dasa gini mai wannan girma a wurin, masallacin sai ya koma kamar ɗakin baya. Ban da haka, masu tsarin sun ɗauki filin a matsayin kangon da yake jiran mai gini, alhali kuwa, kamar yadda aka nuna a sama, shi kansa filin aji ne, hanya ce, wurin taruwar jama'a ne. Akwai kuma batun kulawa. Ginin laka magini da ƙasa da ruwa yake buƙata, waɗanda duk akwai su a garin, shi kuwa sabon ginin wutar lantarki da injina yake buƙata a garin da yake bakin hamada, nesa da Bamako.

An buɗe ginin a watan Janairu na 2009, a gaban shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Amadou Toumani Toure da Kgalema Motlanthe.

3.4 Jarrabawar 2012 da 2013

Shekara uku bayan haka, a watan Afrilu na 2012, 'yan tawaye suka kama Timbuktu, ƙungiyar Ansar Dine da abokanta suka riƙe garin. Sun rushe kaburburan waliyyai 14, sun ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahya, sun kuma mayar da sabon ginin cibiyar masaukinsu. A watan Janairu na 2013, da sojojin Faransa da na Mali suka ƙarato, sai suka cinna wa littattafan da suka tarar a ɗakunan aiki wuta kafin su gudu. An lissafa 4,203 da suka ƙone ko suka ɓace. Kimanin 10,000 da suke ɗakin ƙarƙashin ƙasa sun tsira, wanda hakan yabo ne ga masu zanen ginin. Amma mafi yawan abin da ya kuɓuta ta tsohuwar hanya ya kuɓuta: waɗanda ba a riga an kwaso daga tsohon ginin ba, da na gidajen malamai, an zuba su cikin akwatunan ƙarfe, aka rarraba a gidaje, sannan aka yi ta fitar da su a ɓoye cikin motoci da jiragen ruwa ta kogin Kwara zuwa Bamako.

Kaburburan da aka rushe, maginan garin ne suka sake tayar da su tsakanin 2014 da 2015, da kayan aikin da suka gada. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 saboda rushe su. Littattafan cibiyar da aka kai Bamako sun shafe sama da shekara 10 a can, inda laima ta zame musu sabuwar barazana, sai a watan Agusta na 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da su Timbuktu.