Kuɗin Ɓarna da Rufin Asiri a Yammacin Zamfara

A ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, tun kaka da kakanni shanu suke faɗa wa gonaki. Abin da ya hana ɓarnar zama zubar da jini a da shi ne yadda ake kashe maganar.

A da, a garuruwa irin su Gwashi, idan manomi ya kama shanu a gonarsa, sai ya kora su ƙofar mai gari, a aika wa Arɗo. Dattawan ɓangarorin biyu su taka har gonar, su ƙiyasta damin gero ko dawa nawa aka ci, sannan a dawo zaure. Ba a ɗaure makiyayi, ba a kiransa ɓarawo. Sau da yawa ma yaro ne ya yi sake da garke, uban ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Idan an yanke kuɗi, sai wani dattijo ya ce, "Malam, a dubi zaman tare." Mai gona ya sassauta, wani lokaci ya yafe duka, don ya san da kaka shanun nan ne za su ci karansa su bar masa taki.

Ta haka an amsa a gaban shaidu cewa an cuci manomi, makiyayi kuma ya biya ba tare da an tozarta shi ba. Shi ya sa suke iya gaisawa ran kasuwa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, amma bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka ci gaba da yanka dazuzzuka da burtaloli ana mayar da su gonaki. Maganar ɓarna ta koma caji ofis da kotu, inda makiyaya suka daɗe suna kukan ana tatsarsu. Satar shanu ta yi ƙamari. 'Yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a tsakiyar kasuwa, 'yan bindiga kuma suna ƙona ƙauyuka, suna keta haddin mata, suna sa wa manoma haraji.

A 2019 Gwamna Bello Matawalle ya kira sulhu. An saki mutanen da ake tsare da su, wasu sun miƙa makamai, an ɗan sarara. Amma masu riƙe da bindiga aka zaunar. Matar da aka kashe wa miji ba ta ji wanda ya amsa laifi ba, haka makiyayin da aka raba da garkensa. Sulhun bai ɗore ba: a Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna suka ce sun kai 200.

Duk ranar da za a sake zaman sulhu, ya kamata sarakunan Anka da Bukkuyum da Gummi su dage a fara da waɗanda aka zalunta, Hausawa da Fulani: a saurare su, a amsa laifi a gabansu, a biya su diyya.